Tikitin kaka da raguwar 'yan kallo a tseren Speedway

Speedway wani nau'in tseren babur ne da ake yi a fili mai siffar ƙwai, wanda aka shimfiɗa wa ƙasa da niƙaƙƙen dutse. Mahaya huɗu ne suke tashi lokaci guda, su kewaye filin sau huɗu, a kan baburan da ba su da birki kuma ba a canza musu giya. An fi yin wasan a ƙasashen Poland, Birtaniya, Sweden, Denmark da Ostareliya. A Birtaniya an taɓa lissafa shi a matsayin wasa na biyu wajen tara jama'a bayan ƙwallon ƙafa, amma tun daga shekarun 1980 'yan kallo suke raguwa, filaye da yawa kuma sun rufe. Tikitin kaka, wato tikitin da ake biya sau ɗaya a shiga duk wasannin gida na shekara, yana cikin hanyoyin da kulob-kulob suke bi don riƙe magoya bayan da suka rage. Akwai muhawara a kan ko tikitin yana da riba ga mai saye, da kuma ko yana iya dawo da waɗanda suka daina zuwa.

Suna

Babu tsayayyen suna na Hausa ga wannan wasa, saboda ba a yin sa a ƙasar Hausa. Wanda ya kira shi sukuwar babura bai yi nisa da gaskiya ba, domin tsarinsa ya fi kama da sukuwar dawaki fiye da doguwar tafiyar babur a kan titi: tashi ɗaya, gudu na ɗan lokaci, jama'a kuma suna ganin komai daga farko har ƙarshe. A nan "babura" jam'in babur ne, ba sunan garin Ɓaɓura na Jihar Jigawa ba, wanda ake rubutawa da ɓ mai lanƙwasa. Rubutun da ba ya sa lanƙwasa shi ne yake haɗa kalmomin biyu, a baki kuwa ba sa kama.

Ita ma kalmar "kaka" aro ce daga noma. Asalinta lokacin girbi ne, sai masu labarin wasanni a rediyo suka faɗaɗa ta, suka ce kakar wasa. A Speedway na Turai kakar tana farawa wajen watan Maris ta ƙare a Oktoba, saboda ba a iya tsere a cikin hunturu.

Yadda ake tseren

Babur ɗin Speedway yana da inji mai silinda ɗaya, girmansa 500cc, kuma metanol yake sha ba fetur ba. Doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 77. Ba shi da fitila, ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce. Mahayi yana rage gudu ne ta hanyar sassauta totur da jefa tayar baya gefe idan ya shigo kwana, babur ɗin ya tafi a karkace yana watsa ƙasa, shi kuma ya dogara da ƙafar hagu wadda aka ɗaura wa takalmin ƙarfe. Wannan zamiya a kwana ita ce ainihin abin da ake zuwa kallo. Kamfanonin da suka fi suna wajen ƙera injin su ne Jawa na ƙasar Czech da GM na Italiya.

Tsawon fili yakan kama daga mita 260 zuwa 425, ana kuma kewaya shi ta hannun hagu. Tsere ɗaya ba ya wuce kamar minti guda. Na ɗaya yana samun maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ba ya samun komai. A wasan lig na Birtaniya kowane kulob yana zuwa da mahaya bakwai, a yi tsere 15, kowane tsere da mutum biyu daga kowane ɓangare. Maki 90 ake rabawa gaba ɗaya, saboda haka 45 da 45 kunnen doki ne. Ana gane mahaya da launin hular kwano: ja da shuɗi na masu gida, fari da rawaya na baƙi.

Wannan lissafi yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Tsere 15 na minti ɗaiɗai yana nufin kamar minti 15 na gudu ke nan, a zaman da yakan kai awa biyu. Sauran lokacin yana tafiya ne a gyaran fili da tarakta, da yayyafa ruwa, da jiran mahayi ya gyara babur, da sake tsere idan wani ya faɗi.

Tarihi

An saba danganta farkon wasan da wani tsere da aka yi a West Maitland ta Ostareliya ranar 15 ga Disamba 1923, a ƙarƙashin Johnnie Hoskins, ko da yake an yi tseren babur a filayen ƙasa a Amurka da Ostareliya kafin wannan rana. A Ingila ana ɗaukar taron High Beech na 19 ga Fabrairu 1928 a matsayin mafari, inda mutane kusan 30,000 suka hallara. A 1929 aka fara gasar lig. A 1936 aka yi gasar zakaran duniya ta farko a filin Wembley na Landan, Lionel Van Praag na Ostareliya ya lashe.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ya yi tashe sosai. Jama'a sun fito daga ƙuncin yaƙi, abin nishaɗi kaɗan ne, tikiti kuma da araha. A farkon shekarun 1950 kulob fiye da talatin ne suke gasa a rukuni uku. Daga nan abu ya juya. Gwamnati tana karɓar harajin nishaɗi wanda ya kai kusan rabin kuɗin ƙofa, talabijin kuma ya fara shiga gidaje. Kafin a soke harajin a kan wasanni a 1957 kulob da yawa sun riga sun durƙushe, har a 1959 tara kacal suka rage a babbar gasa.

Wasan ya farfaɗo. An kafa wata ƙaramar gasa mai sauƙin kuɗi a 1960, aka haɗe gasannin biyu a 1965, sannan shekarun 1970 suka zama lokacin cika na biyu. Tashar ITV tana nuna tsere ranar Asabar da rana a shirinta na World of Sport, sunayen mahaya irin su Ivan Mauger na New Zealand, wanda ya ci kambun duniya sau shida, da Peter Collins na Ingila, suka zama sanannu har ga wanda bai taɓa zuwa fili ba. A 1981 mutum 92,500 suka kalli Bruce Penhall na Amurka ya zama zakaran duniya a Wembley. Wannan shi ne karo na ƙarshe da aka yi gasar a filin. Penhall ya sake ci a 1982, sai ya bar tsere ya koma wasan kwaikwayo na talabijin. A 1984 wata jarida ta buga zargin cewa ana sayar da tsere a tsakanin mahaya, a 1985 kuma aka daina shirin World of Sport.

Raguwar da ta biyo baya ba ta tsaya ba. Filin Hyde Road na kulob ɗin Belle Vue a Manchester ya rufe a 1987. Cradley Heath ta rasa filinta a 1995, Bradford ta tsaya a 1997. Tun da Wimbledon ta rufe a 2005 babu sauran fili a Landan, birnin da ya taɓa samun kulob da dama lokaci guda. Reading ta bi a 2008, Coventry bayan kakar 2016, Wolverhampton da Peterborough a ƙarshen 2023. A 2024 kulob bakwai ne a babban rukuni, tara a na biyu.

Abin da ya rage jama'a

Ba kowane rufewa ba ne ya samo asali daga ƙarancin 'yan kallo. Yawancin kulob-kulob na Birtaniya 'yan haya ne, sau da yawa a filayen tseren karnuka. Idan mai fili ya ga ya fi riba ya sayar a gina gidaje, ko ya ƙi sabunta haya, kulob ba shi da ta cewa ko da jama'a suna zuwa. Swindon ta ci gasar 2019, amma ba ta sake yin kaka a filinta ba. Workington ta ci kofi uku a 2018, ta janye kafin kakar da ta biyo baya saboda kuɗi. Ɗan haya kuma ba ya gyara gidan wani, shi ya sa filaye da yawa suka tsufa: rumfa ta lalace, banɗaki ba daɗi, wurin zama kaɗan. Ƙarar babur ta sa samun izinin gina sabon fili kusa da gari ya yi wuya.

Dalili na biyu shi ne ranar wasa. Manyan mahaya ba su da yawa a duniya, kuma mutum ɗaya yakan yi wa kulob uku ko huɗu tsere a ƙasashe daban-daban cikin mako guda. Poland, wadda ta fi kowa biyan kuɗi, ta riƙe Juma'a da Lahadi. Sweden tana da Talata. Don a samu waɗannan mahaya, sai babban rukunin Birtaniya ya koma tsayayyun ranaku a tsakiyar mako tun 2018, daga 2019 kuma ya zauna a Litinin da Alhamis. Kulob ɗin da magoya bayansa suka saba da daren Asabar shekara da shekaru ya wayi gari yana kiran su ranar Litinin, alhali gobe akwai aiki, yara kuma suna da makaranta.

Na uku, kulob ya daina zama na gari. Dokar gina ƙungiya ta ƙayyade yawan makin da mahaya bakwai za su iya haɗawa bisa matsakaicin abin da suka ci a baya, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye. Manufar mai kyau ce, amma sakamakonta shi ne duk kulob ɗin da ya yi nasara dole ya saki wasu a shekara mai zuwa. Akwai kuma tsarin aron mahayi: idan wani ya ji rauni, sai a ɗauko na wani kulob ya maye gurbinsa na dare ɗaya. Ga kuma mahaya da suke yi wa kulob biyu aiki, ɗaya a kowane rukuni. Ɗan kallo yakan ga mutumin da ya yi wa ihu makon jiya ya dawo yau sanye da rigar garinsu. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yana wahalar fahimtar wannan, kuma yana da gaskiya.

Sai tsufan 'yan kallo. Da yawa daga masu zuwa fili a yau sun fara ne a shekarun 1970, iyayensu suka kai su. Matasa ba su shigo da yawan da zai cike gurbin waɗanda suke fita ba.

Tikitin kaka

Kulob yakan fitar da tikitin kaka a cikin hunturu, watanni kafin a tayar da babur ko ɗaya. Yawanci akwai farashin manya, da na tsofaffi da ɗalibai, da na yara, wani lokaci da rangwame ga wanda ya saya da wuri. Ainihin cinikin shi ne mai saye ya ba da kuɗinsa tun yanzu, kulob kuma ya rage masa farashi.

Ana gane ribar da lissafi mai sauƙi. A ɗauka, a matsayin misali kawai, tikitin ƙofa fam 20 ne, wasannin gida 14 ne, tikitin kaka kuma fam 230. Wanda ya biya a ƙofa kowane dare zai kashe fam 280, saboda haka mai tikitin kaka ya tsira da fam 50, idan bai rasa wasa ko ɗaya ba. Amma 230 a raba da 20 ya ba da 11 da rabi. Ma'ana sai ya je wasa 12 kafin ya fara cin riba. Ya yi tafiya sau ɗaya, ya yi rashin lafiya sau ɗaya, aiki ya tsare shi sau ɗaya, to ya je 11 ke nan, da a ƙofa ya biya da fam 220 zai kashe. Ya yi asarar fam 10. Tazarar da ke tsakanin riba da asara wasa uku ce kawai.

A ƙwallon ƙafa ma haka lissafin yake, amma akwai bambanci babba. Mai sayen tikitin kaka na babban kulob ɗin ƙwallo ba rangwame kaɗai yake saye ba, kujera yake saye, domin filin yakan cika, wanda bai da tikiti ba zai shiga ba. A yawancin filayen Speedway na Birtaniya babu wannan tsoro. Kowa ya zo ƙofa zai shiga, ya tsaya inda yake so. Idan wuri ba ya ƙaranci, abin da ya rage wa tikitin kaka shi ne rangwamen da kuma biyayya ga kulob.

Akwai abubuwan da suke ƙara rage darajarsa, waɗanda suka keɓanta da wannan wasa. Na farko ruwan sama. Jiƙaƙƙen fili ba ya tseruwa, ƙasa tana toshe wa mahayi gani, sai a ɗage wasa, wani lokaci bayan jama'a sun riga sun iso. Wasan da aka ɗage yakan koma wata rana da mai tikitin bai shirya mata ba. Idan kuma ruwan ya sauko bayan an yi tsere goma, ana iya tsayar da sakamako a haka, wanda ya biya kuɗin tsere 15 ya koma gida da goma. Mai biya a ƙofa yana da damar duba sama kafin ya fito. Mai tikitin kaka ya riga ya biya, ko an yi ko ba a yi ba.

Na biyu, a kulob da dama tikitin bai haɗa da wasannin ƙarshe na fitar da zakara ba, waɗanda aka shigo da su babban rukuni a 2002. Dalilin kulob shi ne bai san ko zai kai matakin ba lokacin da yake sa farashi. Amma a idon mai saye, wasan da ya fi kowanne daɗi shi ne aka ce ya sake biya. Na uku, idan kulob ya yi daren rangwame don jawo sababbin mutane, ya karya farashin ƙofa, wanda ya biya tun hunturu yana ganin an ci da guminsa, domin ribar da ya lissafa ta ragu. Na huɗu, yawan maimaici. Da kulob bakwai a rukuni, kowane baƙo yana zuwa sau biyu don a samu wasannin gida 12. Yawan wasa yana sa lissafin rangwame ya yi kyau a takarda, amma ganin mahaya ɗaya sau da yawa yana rage ɗokin kowane dare.

Hatsari mafi girma shi ne kulob ya mutu a tsakiyar kaka. Ya faru da Rye House a 2018, da Eastbourne a 2021, da Newcastle a 2022. A 2020 kuma cutar korona ta sa aka soke gasar lig ta Birtaniya baki ɗaya. Mai tikitin kaka, a zahiri, bashi ya bai wa kulob ba tare da jingina ba.

Ta ɓangaren kulob kuwa amfanin a fili yake. Kuɗi yana shigowa a lokacin da ba a wasa amma ana kashewa: haya, inshora, gyaran shinge, ƙulla yarjejeniya da mahaya. A misalin da ya gabata, tikiti 300 zai kawo fam 69,000 kafin Maris, kuma wannan kuɗi ba ruwansa da ko ƙungiyar ta yi kyau ko ta lalace. Sai dai akwai tarko. Masu sayen tikitin kaka su ne waɗanda da ma za su zo. Da mutum 300 ɗin nan sun biya a ƙofa duk dare, fam 84,000 za su kawo. Kulob ya sadaukar da fam 15,000 ke nan don ya samu tabbas. Wannan ciniki ne mai ma'ana ga wanda ke tsoron damina da rashin nasara, amma bai ƙara mutum ko ɗaya a fili ba. Tikitin kaka maganin riƙe na gida ne. Wanda ya daina zuwa shekara goma da suka wuce ba zai dawo ta hanyar biyan fam 230 a dunƙule ba, tikitin dare ɗaya zai fara saye, idan ma ya dawo.

Misalin Poland

A Poland sunan wasan żużel, kuma yana cikin wasannin da suka fi tara jama'a a ƙasar. Babban rukuni, Ekstraliga, yana da kulob takwas, a garuruwa irin su Leszno, Toruń, Gorzów, Wrocław da Lublin. Manyan wasanni sukan tara mutum dubu goma ko fiye. Gasar duniya da aka fara yi a babban filin Warsaw a 2015 ta sha tara fiye da dubu hamsin. Ƙasar tana da gwarzo na gida, Bartosz Zmarzlik, wanda ya ci kambun duniya a 2019, 2020, 2022, 2023 da 2024, kamar yadda Tomasz Gollob ya ci a 2010.

Bambancin ba a son wasa kaɗai yake ba. Filaye da yawa mallakar hukumomin birane ne, su suke gina su su gyara, kamar Motoarena ta Toruń da aka buɗe a 2009 mai rufi a kan 'yan kallo. Akwai kuɗin talabijin da na manyan kamfanoni. Wasa yana faɗowa a ƙarshen mako. Kuma kulob yana da wasannin gida bakwai ne kawai kafin matakin ƙarshe, kusan rabin na Birtaniya, saboda haka kowanne babban taro ne a gari. A Lublin, inda kulob ɗin Motor ya ci gasa a 2022, 2023 da 2024, masu neman shiga sun fi ƙarfin filin, tikitin kaka ya koma abin da ake rububi. A can ya samu darajar da yake da ita a ƙwallon ƙafa, wato tabbacin wurin zama.

Ƙoƙarin dawo da jama'a

Kulob-kulob na Birtaniya sun gwada hanyoyi da yawa. Mafi yaɗuwa ita ce shigar da yara kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan idan suna tare da babba, da kai mahaya da babura makarantu, da barin 'yan kallo su shiga wurin gyaran babura kafin wasa su gaisa da mahaya. Wannan na ƙarshe wata dama ce da ƙwallon ƙafa ba ta da ita. Wasu sun raba biyan tikitin kaka wata-wata, wasu sun fito da tikitin wasa biyar ko goma wanda mutum zai yi amfani da shi daren da ya ga dama, abin da yake rage tsoron ruwan sama da na tafiya.

Inda aka zuba kuɗi a wurin kansa an ga canji. An buɗe sabon fili a Manchester a 2016, wanda majalisar birni ta gina, Belle Vue ta koma can, kuma ana yaba shi da cewa mahaya suna iya wuce juna a cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babban ƙorafin 'yan kallo shi ne tseren da wanda ya fara fita daga layi shi ke ci ba tare da an ƙalubalance shi ba. Oxford, wadda ta rufe a 2007, ta dawo a 2022 bayan magoya baya sun shafe shekaru suna hana a rushe filin, jama'a kuma suka cika shi a farkon dawowar. Workington ta dawo a 2023 a sabon fili. Poole, ɗaya daga kulob mafi nasara, ta zaɓi sauka zuwa rukuni na biyu bayan 2019, inda kuɗin mahaya ya fi sauƙi, ta ci gaba da wasa a darenta na Laraba.

Talabijin kuwa kaifi biyu gare shi. Sky Sports ta nuna gasar kai tsaye daga 1999 zuwa 2016, kuɗinta ya tallafi kulob-kulob, amma daren da ake nuna wasa wasu sukan zauna gida. Gasar duniya da aka riƙa yi a Cardiff tun 2001 takan tara dubun-dubatar mutane a rana ɗaya, abin da ke nuna masu son wasan suna nan, zuwa kowane mako ne suka daina. A 2025 aka mayar da ita Manchester, a fili mafi ƙanƙanta.

Kwatanci da ƙasar Hausa

A Afirka an fi sanin Speedway a Afirka ta Kudu da tsohuwar Rhodesia. A arewacin Najeriya babur abin sufuri da neman abinci ne. A Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura shi ke kai mutum kasuwa da gona da asibiti, a hanyoyin da mota ba ta cika bi ba. Amma tambayar yadda ake tara 'yan kallo masu biyan kuɗi ba baƙuwa ba ce.

Manyan tarukan gargajiya, irin hawan sallah na masarautar Kazaure da sukuwar dawaki, ba da kuɗin ƙofa suke tafiya ba. Sarauta da masu hali ke ɗaukar nauyi, jama'a su yi kallo. Dambe shi ne ya fi kusa da tsarin biya a ƙofa, kuma yana da abin da Speedway ta Birtaniya ta yi sakaci da shi: ɗan kallo ya san ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada, ya san kuma wanda yake goya wa baya. Asalin dambe ma wasan kaka ne na gaske, bayan girbi, lokacin da manomi yake da kuɗi a hannu. Duk wanda zai sayar da tikitin biya a dunƙule a yankin da noma ne abin dogaro, wannan lokaci ne kaɗai zai samu mai saye.

A ƙwallon ƙafa, gidajen kallo sun yi wa wasan gida irin abin da talabijin ya yi wa Speedway a shekarun 1950. Matashi a Kazaure yana biyan kuɗi kaɗan ya kalli Arsenal ko Barcelona a unguwarsu, ba sai ya hau motar Kano ba. Duk da haka Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, tana cikin kulob ɗin da suka fi cika fili a Najeriya. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mai ɗaukar mutum 16,000, yakan cika a manyan wasanni, wato akwai ƙarancin wuri irin wanda yake ba tikitin kaka daraja. Abin da yake rage ta shi ne rashin tabbas. Fiye da sau ɗaya hukumar gasa ta hukunta kulob ɗin saboda rikicin 'yan kallo, ta tura shi wasa a wani gari ko ta hana jama'a shiga, a 2022 kuma ya faɗa rukuni na biyu kafin ya dawo a 2023. Wanda ya biya kuɗin shekara don wasannin gida, aka mayar da gidan Kaduna ko Abuja, yana cikin halin mai tikitin Rye House. Ga shi kuma Pillars da Jigawa Golden Stars, kamar yawancin kulob na Najeriya, na gwamnatocin jiha ne, daga baitulmali ake biyan 'yan wasa, saboda haka kuɗin ƙofa ba shi ne ke raya su ba, kamar yadda yake raya ko kashe kulob a Ingila.